Abin da na gani a manhajar 'yan adashi a Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Daga Aboabo nake magana da ku yau a nan Kumasi, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba saboda abin da na gani jiya da daddare. Wani matashi ɗan unguwarmu, mai ƙwazo ƙwarai, ya gina wa wata ƙungiyar mata 'yan adashi, abin da mutanen nan ke kira susu, manhajar da za su riƙa rubuta zubinsu. Ya kawo mini kwamfutarsa ya ce, "Yaya, don Allah ka duba mini kafin mu ɗora ta a intanet." Matan sun riga sun yi rajista lokacin gwaji, to da na buɗe rumbun bayanan, sai ga kalmomin sirrinsu a jere, kowacce a fili kamar yadda mai ita ta rubuta. Da yawa lambobi huɗu ne kacal, kuma duk wanda ya san halin iyayenmu mata ya san ba abin mamaki ba ne su zama lambobin sirrin MoMo ɗinsu, wato asusun kuɗi na waya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin kuɗin cefane da jarin koko da ƙosai ne a bayan waɗannan lambobi.

Na tambaye shi da me ya yi ginin, ya ce da Express, ɗaya daga cikin kayan gina manhajar intanet, saboda shi ne ya ga ana yayi a bidiyoyin koyarwa. Ni ba na aibata Express, tun 2010 manyan ayyuka suke tsaye a kansa, amma fili ne yake ba ka da harsashi, ƙofa da kwaɗo kuma kai za ka nemo. Wanda bai taɓa haɗa kwaɗo ba, in ka bar shi ya ƙera nasa, abin da na gani jiya ne zai fito. Shi ya sa na ce masa, "Ƙanena, mu koma Django." Shi ma kayan gina manhaja ne, tun 2005 yake hannun jama'a, da harshen Python aka rubuta shi, kuma yana zuwa da tsarin rajista da shiga da fita da sauya kalmar sirri. Ba ya ajiye kalmar yadda take, niƙa ta yake yi da dabarar PBKDF2, ya haɗa ta da wasu haruffa na musamman ga kowane mutum, ta yadda ko ɓarawo ya kwashe rumbun, gari zai tarar, kuma gari ba ya komawa hatsi. Laravel ma, takwaransa ga mai son harshen PHP, haka yake yi da dabarar bcrypt. Sai dai ina gargaɗinku, Django ba ya hana mutum ya yi ta gwada kalmomi sau ɗari da kansa, dole ka ƙara masa abin da zai rufe ƙofar bayan wasu 'yan kurakurai.

Ba yabon kai ba, tun ina Zariya na koyi wannan a hannun wani malaminmu da ba ya karɓar aikin ɗalibi sai ya ga yadda ya adana sirrin mutane. Jiya na tuna da shi ƙwarai, na tuna da zaman da muke yi bayan la'asar muna gyaran aiki a kwamfuta ɗaya, har kewar gida ta kama ni.

Matashin ya kawo shawarar mu bar kalmar sirri gaba ɗaya, a riƙa tura wa kowace mace lamba ta saƙon waya, kamar yadda Firebase na Google ke yi. Shawarar tana da ma'ana, domin yawancin matan ba su da imel. Amma kowane saƙo kuɗi ne, kuma da dala ake biya, alhali zubin da sidi, kuɗin Ghana, ake yinsa. Ƙaramar sabar da nake haya a kamfanin DigitalOcean, wato kwamfutar da ke riƙe manhaja a intanet, dala 6 ce a wata, kuma ko ita sai na duba canjin ranar kafin na biya. Bayan haka, a zango waya ɗaya takan zaga gida guda, uwa da 'ya da jika duk ita suke riƙewa, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani yakan sayar wa wani. Ke nan riƙe waya bai isa shaida cewa Hajiya ce ke shiga da kanta ba. Muka tsaya a kan cewa mambobi za su shiga da lambar waya da kalmar sirri, uwar adashi kuwa, wadda ke iya gyara lissafi, sai ta ƙara da lambar da manhajar tantancewa ke sauyawa duk daƙiƙa 30.

Ya so kuma ya yi amfani da JWT, wani tikiti da ake ba wayar mutum a matsayin shaidar ya riga ya shiga, na hana shi. Mutane da yawa suna zaton abin da ke cikin wannan tikiti a ɓoye yake, alhali sa hannu kawai aka yi masa, kowa na iya karanta shi, kuma soke shi kafin wa'adinsa ya cika aiki ne babba. Idan aka sace wayar wata a kasuwar Kejetia da rana, ina so kafin magariba mu iya fitar da ɓarawon daga asusunta, kuma tsarin zaman shiga na Django, wanda ke ajiye bayanin a saba, yana ba mu wannan cikin sauƙi.

Ga masu ɗora aiki a gajimare, wato sabar haya ta intanet, kada ku saka mabuɗan sirrin manhaja cikin abin da kuke turawa GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, domin akwai masu bincike dare da rana suna tsintar su. Ku sani kuma Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, kuma ta shafi duk mai tara sunaye da lambobin mutane. Mun goge tsohon rumbun jiya kafin mu tashi, ranar Juma'a bayan masallaci kuma za mu je wurin uwar adashin mu roƙe ta ta tara matan, duk wadda ta yi rajista da lambar sirrin MoMo ɗinta ta sauya ta a gabanmu ba tare da ta faɗa wa kowa sabuwar ba.