Tashar Lantarki ta Egbin: Daga Hannun NEPA Zuwa Hannun 'Yan Kasuwa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa Egbin, a yankin Ikorodu na jihar Legas, inda tashar lantarki mai aiki da iskar gas mafi girma a Najeriya take.

Injuna shida gare ta, kowanne na iya ba da megawat 220, jimilla 1,320 ke nan. Gas ɗin daga yankin Neja Delta yake zuwa, ta bututun Escravos. Ana ƙona shi ne don a tafasa ruwa a cikin manyan tukwanen ƙarfe, tururin ya fito da ƙarfin gaske ya juya farfela, ita kuma farfelar ta juya janareta. Daga nan sai a ɗebo ruwan tafkin Legas a sanyaya tururin, ya koma ruwa, a mayar da shi tukunya. Shi ya sa aka gina ta a bakin ruwa.

To, wa ke da ita?

Gwamnatin tarayya ce ta gina ta, kamfanonin Japan, Marubeni da Hitachi, suka yi aikin, injin farko ya fara ba da wuta a 1985. A lokacin kusan komai na lantarki a hannun NEPA yake, tun daga samarwa har zuwa takardar bil da ake kawo muku gida. A 2005 aka yi dokar gyaran fannin lantarki, NEPA ta koma PHCN, aka kuma raba ta kamfanoni 18: shida na samarwa, 11 na rarrabawa, ɗaya na dakon wuta. Egbin na cikin shidan nan.

Cinikinta ya daɗe yana jan ƙafa. Sai a watan Nuwamban 2013 aka miƙa kashi 70 cikin 100 ga haɗin gwiwar kamfanin Sahara na Najeriya da KEPCO na Koriya ta Kudu, kan dala miliyan 407 da ɗoriya. Gwamnati ta riƙe kashi 30.

A gaskiya an ga canji. Inji na shida, wanda ya shafe shekaru a kwance, an tayar da shi a 2015. Wannan abin a yaba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mai tashar ba shi ne mai gas ba, ba shi ne mai manyan layukan dako ba, ba kuma shi ke karɓar kuɗi a hannunku ba. Kamfanin rarrabawa ne ke karɓa, ya biya NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET ya biya Egbin, Egbin ta biya masu gas. Idan kuɗin ya zo da giɓi, bashi ya taru, masu gas su rage abin da suke turowa. Sai ka tarar injuna lafiyarsu ƙalau, ma'aikata na bakin aiki, amma babu abin ƙonawa. Haka ma idan an fasa bututu.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin wutar Egbin babban layin ƙasa take shiga, wanda har yau TCN, kamfanin gwamnati na dakon wuta, ke riƙe da shi. Idan ta ragu a Ikorodu, kason da ake turawa Kano da Kaduna ma raguwa yake yi, mai walda da mai niƙa su koma sayen man janareta.