Me Ya Sa Mai Nutso Ke Rawar Ɗari Ko Da Rigar Roba A Jikinsa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Nan bakin kogin Isa ne a Yamai, ga gadar Kennedy can. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Ku dubi yaron nan da ya fito daga ruwa yanzu: haƙora na kaɗawa, ya ƙanƙame jikinsa, alhali rana ta take.

Abin da ya same shi, shi ke damun duk mai nutso da tukunyar iska a baya, ko 'yan kwana-kwananmu ne masu neman wanda ruwa ya ci, ko masu shiga teku a ƙasashen sanyi. Ruwa ɓarawon ɗumi ne, yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Jikin mutum a digiri 37 yake zaune, in ya sauko ƙasa da 35 an shiga haɗari. Shi ya sa ruwa mai digiri 25, wanda za ka tsoma hannu ka ce ai wannan wasa ne, in ka daɗe a ciki sai ya sa ka karkarwa.

To, ga rigar roba. A 1952 ne Hugh Bradner, masanin kimiyya a jami'ar Kalifoniya, ya fito da ita daga wata roba da ake kira niyofirin. Bari mu yanki ƙyalle ɗaya mu matso da shi. Kun ga cikinsa kamar cikin burodi? Ƙananan ramuka ne rututu, kowane a toshe, da iska a ciki. Waɗannan ramukan su ke tare ɗumi.

Za ka ji ana cewa ruwan da ya shige tsakanin riga da fata shi ke ɗumama mutum. A'a, kai ke ɗumama shi, da zafin jikinka. In rigar ta yi maka yawa, wannan ruwan ya fita, sabo mai sanyi ya shigo, ka sake biya. Babbar riga ta ranar Sallah ce, ta nutso sai ta kama jiki tsam, musamman a wuya da wuyan hannu. Mai kaurin milimita 3 ta ruwan ɗumi ce, ruwan sanyi sai mai 7.

Amma akwai wani abu da sabon shiga ba ya lura da shi. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Ramukan nan sai su matse, riga ta koma kamar burodin da aka zauna a kai. Wato inda ruwa ya fi sanyi, nan ne rigar ta fi rauni.

Idan sanyi ya wuce misali, sai busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga sam. A Silfra, wani tsagin dutse mai cike da ruwa a ƙasar Aisland, inda ruwa ke tsakanin digiri 2 zuwa 4, da ita ake shiga. Akwai maɓalli a ƙirji da ke turo iska daga tukunya, a ciki kuma ana sa kayan ulu ko makamancinsu. Ban da auduga, don da ta sha gumi ta zama jiƙaƙƙen tsumma. Wannan riga sai an koya, in ba haka ba iska ta taru a ƙafafu ta juya mutum kai ƙasa.

Hula da safar hannu da ta ƙafa, kada a raina su. Ita kanta iskar tukunya busasshiya ce mai sanyi, kowane numfashi na rage maka wani abu. A ruwan da ke ƙasa da digiri 10 ma, na'urar da ake sawa a baki don shaƙar iskar tukunya na iya daskarewa ta yi ta fesar da iska.

Yaushe za a fita? Da zarar karkarwa ta ƙi tsayawa, ko yatsu sun kasa ɓalle maɗauri. In yatsu sun gaza, hankali ne ke biyo baya ya dushe, kuma a nan ake kuskuren da ba ya gyaruwa. Ka harɗe hannu a ƙirji kana shafa damatsa, abokin nutsonka ya gane sanyi ne. Ka ɗaga babban yatsa sama, wanda a ƙarƙashin ruwa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau. A hau sannu a hankali, a dakata minti 3 a mita 5 in hali ya yi.

Fitowa ma ba ita ce ƙarshe ba. Kun san abin da ke sanyaya ruwan randa: yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Mai jiƙaƙƙiyar riga a cikin kwale-kwale, iskar hunturu na dukansa, shi ma randa ne. A tuɓe rigar maza, a goge jiki, a lulluɓe har kai. Ban da giya, tana buɗe jijiyoyin fata ɗumi ya ƙara zurarewa. Ban da wankan ruwan zafi nan take, saboda iskar naitirojin da jiki ya tara a zurfi na iya tashi ta yi kumfa. A miƙo masa shayi mai zafi, a zuba sukari sosai.