Sakan nawa ake sauraron na'ura kafin a ce ta ci gwaji?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayar da aka fi yi mini a ɗakin gwajin hayaniyar rediyo ta kayan lantarki ita ce: Malam, sakan nawa zan bar na'urar awo ta tsaya a kan kowace mitar rediyo? Ni kuwa sai in ce, abin da ka ɗora a kan teburin nan, ka san halinsa?

Duk kayan lantarki, daga cajar waya har injin wanki, suna zubar da hayaniyar da kunne ba ya ji, amma rediyo na ji. Kwamitin CISPR na ƙasa da ƙasa mai kula da katsalandan ga rediyo, wanda aka kafa a 1934, shi ya tsara yadda ake auna ta. To, na'urar awo irin ta da, ta wata 'yar taga take leƙe. Tsakanin megahaz 30 da gigahaz 1, faɗin tagar kilohaz 120 ne kacal. Ta leƙa nan, ta matsa, ta sake leƙawa. Abin da ya faru a wata mita lokacin da idonta ke wani wuri, ya wuce ta ke nan.

Ku yi lissafin nan tare da ni. A ce na'urar da kake gwadawa tana fitar da hayaniya sau ɗaya duk rabin sakan, ƙyaftawar ido, sannan ta yi tsit. Kai kuma ka ba kowace mita milisakan 10. Damar ku haɗu kusan ɗaya ce cikin 50. Allo zai nuna maka layi a kwance ƙasa da iyakar da ƙa'ida ta sa, ka sa hannu, ka tafi gida da murna. Wannan sakamakon shi na fi tsoro, don kayan za su shiga hannun mutane da laifinsu.

Wani zai ce, to a jinkirta ko'ina mana. Da ma'aunin ƙololuwa, mai kama mafi ƙarfin hayaniya, ƙa'ida ta yarda a share zangon megahaz 30 zuwa gigahaz 1 cikin kusan sakan guda. Da ma'aunin kwasi-fik kuwa, mai la'akari da yawan maimaituwar hayaniya, wanda ke cika cikin milisakan 1 amma ya ɗauki milisakan 550 yana saukowa, sakan 20 ake ba kowane megahaz. Ku ninka da megahaz 970 na zangon: fiye da awa 5, kuma wannan da eriya a tsayi guda ne, teburi bai juya ba, alhali sai an canza su an sake awo. Wa ke da wannan lokacin?

Shi ya sa ake fara zagaye da na ƙololuwa, a ware mitocin da suka matso iyaka. Sai ka tsayar da na'urar awo a kan mita guda, ka zuba ido ka ga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Tsayawarka dole ta zarce wannan tazarar. Idan hayaniyar na bin wutar gida mai haz 50, zagaye guda milisakan 20 ne, kada ka yi ƙasa da haka. In kuwa awon na hawa da sauka dab da iyaka, ƙa'ida ta ce ka kalle shi aƙalla sakan 15.

Sababbin na'urorin awo masu lissafin FFT, wanda ke rarrabe mitoci da yawa a tashi ɗaya, suna buɗe taga mai faɗin megahaz da yawa a lokaci guda. Sun rage wahala ƙwarai, ina son su. Amma firintar da ba ta jan takarda sai bayan minti ɗaya, ko da FFT sai ka jira mintin nan. Kuma don Allah, idan kun zo rubuta rahoto, ku sa tsawon tsayawar da kuka zaɓa da aikin da na'urar ke yi lokacin da kuke awon.