Tsingaron kufai da tarihin talaka, daga laccar da anka yi a Sakkwato

Assalamu alaikum iyayena, malamaina da 'yan uwa ɗalibai.

Mu nan Sakkwato Allah ya yi muna arzikin rubutu, malaman jihadi sun rubuta yaƙi da sarauta da shari'a, an san Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma wa ya rubuta abin da matar manomi ta girka a ƙauye wannan shekarar? Ba kowa, sai tukunyarta. Ƙwarya ruɓewa take, tabarma gara ta cinye, shi ko yumɓu in ya sha wuta shikenan, ko ya fashe tsingaron na nan.

Ku je Surame, birnin da Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, kowa ganuwar dutse yake kallo, ni ƙasa nake kallo. Bakin tukunya muka fi so, don shi ke faɗa maka tulu ne ko randa ko tukunyar tuwo, in ka ga gindi mai huje-huje to madambaci ne, ka ga ke nan ana turara hatsi a gidan, in ka tarar da manyan randuna da yawa wuri guda sai ka fara tambaya, gidan yawa ne ko marina. Zanen jiki ma, wanda ake mirgina murɗaɗɗiyar igiya kan ɗanyen yumɓu, kowace zuriyar magina da hannunta.

Nan maganar fatauci ke shigowa. Tukunya nauyi gare ta ga saurin fashewa, galibi ba ta wuce kasuwar kusa, to in an duba yumɓun a lab anka ga ba na fadamar wurin ba ne, wani ya kawo ta, ko falke ko amarya da kayan ɗakinta. Ni na fi zargin amaren ma wallahi.

A 2021 masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt sunka gano kakin zuma a tukwanen Nok, wata al'umma ta zamanin da a tsakiyar Najeriya, kusan kashi 1 cikin 3 na waɗanda sunka samu maiƙo a jikinsu, wato shekara wajen 3,500 da ta wuce mutanen can na cin zuma. Irin wannan gwajin nake so a yi wa namu.

Matsalar masu haƙa su sayar ce, suna neman mutum-mutumi su watsar da tsingaro, alhali gawayin da ke kwance tare da shi da shi ake auna shekaru, in an hautsina ƙasar lissafi ya ɓace. In kun gani a gona ku ɗauki hoto da waya, ku bar shi wurin, a sanar da mai gari da ma'aikatan gidan tarihi.