Kalsiyom kulorid: gishirin da ke shan ruwan iska

Jama'a, barkanku da warhaka. Ku dubi farin abin nan da ke cikin cokali. Ido zai ce gishiri ne, ko dakakkiyar kanwa irin ta kasuwar Dole. A wajen masana kimiyya gishirin ne, amma ba na miya ba. Sunansa kalsiyom kulorid, ana rubuta shi CaCl2, wato ƙwayar kalsiyom ɗaya ta kama ta kulorin biyu. Kar a ɗauka shi ne kulorin ɗin tsabtace ruwan sha, ko karbir ɗin masu walda da wasu ke nunar da ayaba da shi. Kowanne da hanyarsa.

Duk aikin da zan faɗa muku, daga hali ɗaya ya fito: wannan abu mayen ruwa ne. Ga shi mun zuba a faranti da safe, cikin watan Agusta. Zuwa azahar ya fara naso, ƙwayoyin sun manne da juna. Kashegari babu gari ko kaɗan, sai ruwa mai santsi kwance a farantin. Ba wanda ya ɗiga masa komai. Daga iska ya zuƙo laima har ya narke a cikinta. A zafin digiri 20, ruwa giram 100 na narkar da wajen giram 74 nasa, alhali gishirin miya a giram 36 yake tsayawa.

Yanzu bari in juye cokali biyu a kofin ruwa, in motsa. Taɓa gefen kofin ka ji, ya ɗau zafi, babu wuta a kusa. Narkewar ce ke fitar da zafin. Shi ya sa in yaro ya haɗiye shi a bushe zai iya ƙone masa baki da maƙogwaro. A rufe shi ruf, a ajiye nesa da yara, a sa safar hannu.

Ina ake samun sa? Ana iya zuba asid na kulorin a kan dutsen farar ƙasa. Amma da yawansa rara ne daga masana'antun soda, wato farin garin da ake yin gilashi da sabulu da shi, ta hanyar da Ernest Solvay ɗan ƙasar Beljiyom ya ƙirƙiro a shekarun 1860.

A Kanada da arewacin Amurka, tituna suke watsa wa don ƙanƙara ta narke, tunda ruwansa mai kauri ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifiri. Wannan dai ba ciwon kan Damagaram ba ne. Namu ƙura ce. A ƙasashe da dama ana fesa shi kan hanyar jan ƙasa, ya riƙe laima, mota ta wuce ba ta ta da ƙura ba. Mai jin wannan zai ce to me ake jira? Sai dai akwai sharaɗi: sai laimar iska ta kai kamar kashi 30 cikin 100 yake iya zuƙo ruwa sosai. A tsakiyar hunturu zuwa bazara, iskarmu kan bushe fiye da haka da rana, wato lokacin da ƙura ta fi damun mu shi ne lokacin da ƙarfinsa ya fi raguwa. Damina kuma in ta sauka, ta wanke shi. Ni dai ba zan ba da kuɗin gari a kansa ba sai an gwada a ɗan guntun titi tukuna.

Kayan da ke zuwa cikin kwantena, sau da yawa za ka ga jakunkunansa a rataye, suna shanye gumin teku don kar kaya su yi fumfuna. Masu haƙar man fetur na sa shi a ruwan haƙa. A abinci lambarsa E509, yana hana tumatir ɗin gwangwani yin lugub, yana taimaka wa madara ta kama in ana yin cuku a masana'anta. Likitoci ma na yin allurarsa ta jijiya in sinadarin potasiyom ya yi wa jini yawa.

Masu lambu a Mirriya sun san ciwon nan da gindin tumatir ke yin baƙi ya lotsa. Ƙarancin kalsiyom ne a cikin ɗan, kuma wasu na fesa ruwan wannan gishiri mai tsarma. Amma galibi ƙasar na da kalsiyom ɗinta, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau ambaliya gobe ƙishi. A gyara wannan tukuna. In feshin ya yi kauri, ganye yake ƙonewa.

Sai magina. In aka sa shi a kwaɓin siminti, kankare na saurin kamawa, kuma ba a wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin simintin. A zafinmu, siminti da kansa yana saurin kamawa har ya so ya fi ƙarfin mai aiki. Babbar matsalar kuma ita ce ƙarfe. Kulorid na cinye ƙarfen da ke cikin kankare, tsatsa ta kumbura, ginshiƙi ya tsage daga ciki bayan shekaru. In akwai ƙarfe a aikin, malam magini, bar shi a buhunsa.