Amsoshin Tambayoyinku: Idan Ruwa Ya Shiga Tankin Man Kwale-kwale

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sana'ar fito a yankin Guri ta jihar Jigawa. Ya ce an tafka ruwan sama da dare, tankin man kwale-kwalensa yana waje, murfin bai rufu sosai ba. Da safe inji ya tashi, amma yana ta tari yana ɗaukewa, har ya mutu a tsakiyar ruwa, sai da filafili suka ƙarasa gaɓa. Yana tambaya ko ya ƙara sabon fetur a kai ya wadatar.

To Malam, Allah ya ƙara kiyayewa. Ƙarin fetur ba zai yi maganin komai ba. Ruwa ya fi fetur nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. Saboda haka ruwan kwanciya yake yi a gindin tanki, kuma daga nan gindin ne inji yake zuƙar mai. Ko lita nawa ka ƙara a sama, ruwan ne zai fara isa kafireta.

Ka cire tankin ka fito da shi tudu, inda iska ke kaɗawa, nesa da masu suyar kifi da masu shan taba. Ka sa dutse ƙarƙashin gefe ɗaya ya karkata, ka bar shi kamar minti 20 don ruwan ya taru a lungu guda. Sai ka zura tiyo har can ƙasa, ka yi amfani da ɗan famfon robar nan da ake matsawa a jikin tiyon mai, ka janyo abin da ke gindin zuwa cikin farar kwalba. Za ka ga ruwa a ƙasa, fetur a sama, da layi a tsakaninsu ƙarara. Ka ci gaba da ja kana dubawa har sai fetur zalla ya riƙa fitowa.

Don girman Allah kada ka zuƙa da baki. Na san haka aka saba yi a bakin kogi da wajen 'yan bumburutu, amma kurɓi ɗaya idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana iya kwantar da shi a asibiti. Kada kuma a leƙa cikin tanki da ashana ko laita. Tankin da aka juye ma yana cike da tururin fetur, kuma tururin ne ke kamawa da wuta.

Idan man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya riga ya cakuɗe da baƙin man da ake haɗawa a ciki. Wannan ka haƙura da shi, ka juye duka. Na san yadda fetur yake da tsada, amma gyaran inji ya fi shi, kuma rayuka kake ɗauka.

Saura abin da ya riga ya wuce cikin inji. A ƙasan kafireta akwai ɗan noti na zubar da mai. Ka sassauta shi ruwan ya tsiyaye cikin gwangwani. Ka wanke matatar mai, ka kwance fulogi ka goge ya bushe, sannan ka zuba sabon haɗi. Yawancin injinan nan masu haɗin mai kashi ɗaya na baƙin mai ne cikin 50 na fetur, wato rabin lita a lita 25, amma ka bi abin da aka rubuta wa naka injin. Ka tayar da shi a gaɓa ya yi aiki na ɗan lokaci kafin ka ɗauki kowa.

Gurɓataccen man kuma ba a zuba shi a kogi. Ruwan Haɗejiya ne mutane ke sha, shanu ke sha, masunta ke cin abinci a cikinsa. Ka rufe shi a jarka ka kai wa bakanike, yana wanke ƙarafa da shi.

Tambaya ta biyu daga wani manomin rani ce a kusa da madatsar ruwan Tiga. Ya ce injin ban ruwansa bai taɓa kwana a ruwan sama ba, amma bakanike ya tarar da ruwa a tankinsa. Malam, hanya biyu ce. Ko dai a jarkar da ka sayo man ya zo, ko kuma raɓa ce: tankin ƙarfe da ke kwana kusan babu mai yana yin gumi ta ciki idan sanyin dare ya sauka. Ka riƙa cika shi da yamma, man da ka sayo kuma ka bar jarkar ta zauna tukuna, ka juye a hankali ta mazurari, ka bar ɗan na ƙarshe ka duba shi a kwalba.