Ninkaya a Hunturu: Me Ke Riƙe Yaro a Cikin Ruwa?

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Bashir ne daga Samaru, nan Zariya, kuma kamar kullum ina tare da Malam Lawal, wanda yara ke kira Koci, da Anti Hajara, malamar makaranta a Tudun Wada, wadda 'yarta ke cikin masu ninkayar gasa. Malam, ya sanyi?

Malam Lawal: Sanyi lokacinsa ne, Bashir. Alhamdu lillahi.

Hajara: Barkanku dai. Yau ko a aji sai da na bar yara da rigunan sanyinsu.

Bashir: To a kan sanyin nan nake so mu fara. Mutum na jin wuyar taɓa ruwan alwala da asuba, amma akwai yaran da ke faɗawa ruwa da gangan. Malam, me ke kai su?

Malam Lawal: Ka zo wurin ninkaya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke dukan kowa, ba za ka samu wurin sa ƙafa ba. Kowa ɗan ninkaya ne. Da Disamba ta kama sai wurin ya yi fayau, a nan nake gane nawa. Amma kada iyaye su ɗauka muna jefa yara cikin ƙanƙara. Ruwan da ake gasar duniya a cikinsa, doka ta ce ɗuminsa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28. Namu ba injin ɗumamawa, don haka a hunturu mukan mai da atisaye bayan azahar, mu rage zama a ruwa, mu ƙara gudu da motsa jiki a tudu. Yaron da leɓensa ya fara sauya launi yana karkarwa, fitar da shi nake yi ko yana kuka.

Bashir: Ni a ganina zuciya ce kawai. Dubi Michael Phelps na Amurka, lambobin Olamfik 28, zinare 23. A Beijing a 2008 kaɗai ya kwashe zinare takwas. Irin wannan mutum ai da wutarsa aka haife shi.

Malam Lawal: Tunda ka ambaci Beijing, bari in ba ka abin da ya faru a tseren mita 200 na iyon malam-buɗe-littafi. Yana faɗawa, sai ruwa ya fara shiga tabaraunsa, kafin zagayen ƙarshe ba ya ganin komai, ko bango. Tsayawa ya gyara kuwa faɗuwa ce. Sai ya koma ƙidaya. Ya san bugun hannu nawa ke kai shi daga wannan bango zuwa wancan, saboda ya maimaita abin har ya zauna masa a jiki. Da ƙidayar nan ya taɓa bango, ya ci zinare, ya kuma kafa sabon tarihin duniya. Kai ka kira shi zuciya. Ni abin da na gani sabo ne, da kocinsa Bob Bowman da ke tare da shi tun yana ɗan yaro.

Bashir: Amma sabon ma ai sai da zuciya ake yin sa.

Malam Lawal: Zuciya tana zuwa tana tafiya. Ninkaya wasa ne na kaɗaici, ka gane. Ɗan ƙwallo yana jin ihun abokansa, yana ganin 'yan kallo. Mai ninkaya fuskarsa na cikin ruwa, baƙin layin da ke ƙasa kawai yake kallo, ya je ya dawo, ya je ya dawo, awa ɗaya da rabi. Ba wanda zuciyarsa za ta so wannan kullum. Ranar da ba ta so, abin da ke kawo shi shi ne ya san su wane suna bakin titi suna jiransa, kuma in bai fito ba kuɗin Keke Napep ba zai cika ba.

Hajara: Wannan gaskiya ne, a gidana nake gani. Akwai ranar da yarinyar nan za ta kwanta ta ce kanta na ciwo. Ni uwa ce, na san ciwon gaske, na san na gajiya. Ba na ce mata komai. Can sai ka ji sallamar ƙawarta daga zaure, kafin in juya ta ɗauko jakarta. Abin da faɗana ba zai yi ba, sallamar nan ta yi shi.

Bashir: Anti, ke kanki yaya aka yi kika yarda tun farko? Don mu a Zariya in aka ce ruwa, tsoro ke fara zuwa.

Hajara: Tsoron kuma yana da dalili, kada kowa ya raina shi. Duk wanda ya tashi a cikin Birni ya san kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, ya san yadda suke cika da damina. Ga kogin Kubanni, ga kogin Galma. Unguwa nawa ce ba ta da labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba? Iyayenmu suka ce akwai 'yan ruwa don su tsare mu, wanda ya tsira daga nutsewa kuma sau da yawa ya dawo da tsargiya, yana fitsarin jini. To uwa ta ji an ce ɗanta zai shiga ruwa, me kake so ta ce?

Abin da ya juya min tunani shi ne, hanin bai hana su zuwa ba. Suna zuwa a ɓoye, ba babba a kusa, ba wanda ya koya musu ko yadda za su kwanta rigingine su huta in sun gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. Na ce gara tawa ta koya a ruwa mai tsabta, a gaban malami. Ban kai ta don gasa ba. Gasar daga baya ta zo.

Malam Lawal: Kuma ba baƙon abu muka kawo ba. Akwai maganar da ake jinginawa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hawan doki kam Zazzau ba ta bar shi ba, kowa na ganin Hawan Daushe. Iyon ne muka bari. Je ka Argungu lokacin bikin kamun kifi ka kalli kabanci a kogin Matan Fada: tseren iyo, nutso, tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa da hannu. Hausawa ne ke yi. 'Ya'yan Sarkawa na Yawuri da ruwa suka tashi. Abin da ba mu da shi wurin ninkaya ne mai awo, da agogo, da wanda zai zauna da yaro shekara da shekaru. Shi ya sa in aka je gasar wasanni ta ƙasa, jihohi irin su Delta da Ribas da Bayelsa ke kwashe yawancin lambobin ninkaya.

Bashir: To ga tambayar da matasa ke yi min. Mutum ya san ba shi da wurin ninkaya mai mita 50 da zai shiga kullum, sai ɗan ƙaramin na otal da ake biyan kuɗin ƙofa. Ya san ba zai kamo waɗancan ba. Don me zai wahalar da kansa?

Malam Lawal: Ka san labarin Eric Moussambani?

Bashir: Na Equatorial Guinea, wanda ya yi iyo shi kaɗai a Sidni.

Malam Lawal: Shi. A gasar Olamfik ta shekarar 2000. A ƙaramin wurin wanka na otal ya koya, bai taɓa ganin mai mita 50 ba sai da ya isa can. Mita 100 ta ɗauke shi minti 1 da daƙiƙa 52.72, alhali gwanaye na gamawa ƙasa da daƙiƙa 50. Dab da ƙarshe kamar zai nutse, jama'a suka miƙe suna masa ihu har ya taɓa bango. Duniya ta tsaya a nan. Ni abin da ya biyo baya nake gaya wa yarana: bai bari ba, ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya, daga baya ya zama kocin ƙasarsa.

Amma akwai wanda ba a cika ambata ba. Su uku ne a rukunin. Dalilin da ya sa ya yi iyo shi kaɗai, sauran biyun sun faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka kore su. Ɗaya daga Tajikistan, ɗayan maƙwabcinmu ne, Karim Bare daga Nijar. Ka yi tunani, mutum ya taso tun daga Nijar har Ostireliya, ya hau dakalin tashi, ɗoki ya kwashe shi, shi ke nan. A ninkaya kuskuren tashi sau ɗaya ne, ba a ba ka na biyu. Wannan labarin yana taɓa ni ƙwarai, domin na ga irinsa a yara da yawa. Saboda haka muna atisayen tsayuwa kawai. In ce su shirya, in riƙe usur a baki, in ƙi busawa. Yaro ya koyi jin bugun ƙirjinsa ba tare da ƙafarsa ta motsa ba.

Hajara: Malam, ka faɗa musu maganar agogo. Ita ce ta fi taimaka min a matsayin uwa.

Malam Lawal: Kowane yaro yana da littafinsa, irin na makaranta mai ganye 40. Duk gwaji a rubuta rana da nisa da lokaci. In muka dawo daga gasa ba na tambayar na nawa ka zo, littafin nake buɗewa. Yaro zai iya zuwa na ƙarshe alhali ya zaftare daƙiƙa biyu daga lokacinsa, wannan a wurina ya ci. Wani ya zo na ɗaya don bai samu abokin karawa ba, lokacinsa kuwa ya koma baya.

Hajara: Da can in ta dawo, tambayata ɗaya ce, kin ci? In ta ce a'a sai gidan ya yi tsit. Yanzu cewa nake, nawa agogo ya nuna? Sai ta zauna ta yi ta ba ni labarin juyin da ta yi a bango. Iyaye, don Allah a bar gwada yaro da ɗan wane.

Bashir: In agogon ya tsaya fa? Wata da watanni ba ci gaba?

Malam Lawal: Nan ne ake rasa yawancinsu, musamman masu shekara 14 zuwa 16. Jiki na sauyawa, jarabawar WAEC da JAMB na matsowa, ƙaramin da kake wucewa bara ya fara wuce ka. Irin wannan yaron ba na ƙara masa nisa. Nakan sauya masa salo, in mai iyon kwaɗo ne ya koma rigingine na ɗan lokaci. Ko in ba shi ƙananan yara ya koya musu shawagi. Wanda yara biyar ke kira Yaya suna jiran ya riƙe su a ruwa, da wuya ya ɓace. Sai kuma tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu. Yaron da ya yanke ƙauna da kansa, in ya ga uku na jiransa a bango, sai ka ga ya fitar da lokacin da bai taɓa yi ba.

Kuma a riƙa duba halin da suke ciki. Phelps da kansa ya fito ya faɗa wa duniya irin baƙin cikin da ya riƙa danne shi bayan gasannin Olamfik. In mai zinare 23 zai shiga wannan hali, ɗan Sabon Gari da ya sha kaye ya dawo ya yi shiru kwana uku yana buƙatar a je gidansu a gaishe shi.

Bashir: Ni wanda ke ƙarfafa min gwiwa Ahmed Hafnaoui ne na Tunisiya. A gasar Olamfik ta Tokyo, yana ɗan shekara 18, shi ne na takwas cikin takwas da suka kai zagayen ƙarshe na mita 400. Aka ba shi layin gefe, inda ba a sa ran kowa, ya ci zinare.

Hajara: A gasar nan ce kuma Abiola Ogunbanwo ta yi mita 100 a daƙiƙa 59.74, 'yar Najeriya ta farko da ta sauko ƙasa da minti ɗaya. Ga Kirsty Coventry ta Zimbabuwe, 'yar ninkaya mai lambobin Olamfik bakwai, a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya. Ina nuna wa 'yan matanmu su. Sai dai, Malam, hoto ba ya isa. Kayan iyo masu rufe jiki da kai yanzu ana samu, wannan ba matsala ba ce. Mu iyaye mata mun yi adashe muna biyan kuɗin ƙofa da na mota, muna karɓa-karɓar rakiya. Abin da ya rage shi ne lokaci na mata zalla, da mace mai koyarwa. Da yarinya ta fara girma, mahaifinta zai ce ya isa haka, kuma ban ga laifinsa ba. 'Yan mata nawa muka rasa a daidai lokacin da suka fara ƙwarewa?

Malam Lawal: Da yawa. Kuma maganin yana cikin waɗanda muka rasa ɗin. Manyan cikinsu sun iya ruwa sarai, wasu suna jami'a a nan Samaru da Kongo. Ina so mu nemo biyu ko uku a koya musu aikin ceto da koyarwa, sannan mu je wa masu wurin da roƙon safiyar Asabar ta zama ta mata.

Hajara: In an samu masu koyarwar, zuwa gidajen iyaye ka bar mana. Mu za mu shiga.

Bashir: To masu sauraro, duk wadda ta taɓa ninkaya a Zariya kuma tana da sha'awar koyarwa, ta aiko mana da saƙo ta inda aka saba. Mako mai zuwa za mu zauna kan atisaye a watan azumi, wa ya kamata ya rage, wa ya kamata ya koma bayan buɗa-baki. Malam, Anti, na gode.

Malam Lawal: Madalla. Allah ya kai mu.

Hajara: Amin. A gaida gida.